Daga Bakin Kanal: Ranar Da Na Shiga Birni Ni Kaɗai

 Ina gaishe da iyayenmu masu leƙa mana shafi a ɓoye, da uwargida da amarya, da kuma ƙannena 'yan makaranta masu karanta mu a ƙarƙashin benci. Ku dai Allah ya shirye ku, a riƙa bari sai an tashi. Yau ba girki ba ne, ba kuma kwalliya ba, asirin kaina zan tona, don haka kowa ta gyara zama.

Wasiƙa ce ta zo mini daga wata yarinya 'yar aji biyar a sakandare. Ta yi ta yabon littafina na biyu har kaina ya fara kumbura, can ƙasa kuma sai ta ce, "Amma Anti don Allah ina da tambaya. A babi na tara kin ce ango ya ɗauki amarya a Marsandi suka yi ta zaga titunan birnin Benis na ƙasar Italiya har dare. To mu kuma malaminmu na jogirafi ya ce garin nan a kan ruwa yake, mota ba ta shiga cikinsa, sai kwalekwale da tafiyar ƙasa. Anti, ke kin taɓa zuwa ne?"

Wallahi sai da na ajiye takardar na rufe fuska, alhali ni kaɗai ce a ɗakin. Gaskiyar yarinyar nan ce. Na bincika na tarar tsohon birnin a kan tsibirai sama da 100 yake zaune, gadoji sama da 400 ne suka haɗa su, mota kuwa a bakin gari take tsayawa. Baƙi ma sun yi musu yawa har a shekarar 2024 suka fara karɓar Yuro 5 a wasu ranaku daga masu shiga su fita a yini guda. Ni kuwa me na sani? Hoton garin na gani a jikin kalanda a shagon tela, sunan ya yi mini daɗi a baki, na kwashi masoyana na kai su cin amarci. Kuma ba ni kaɗai ba ce, mu faɗi gaskiya. Da yawanmu marubuta jaruminmu sai ɗan Alhaji, amarcinmu sai bayan teku, mu kuwa ko filin jirgi ba mu san ƙofarsa ba.

Da daddare ina ba Iya labari, wato kakata ta wajen uba, ina zaton za ta tausaya mini. Sai ta yi dariya har da tari, ta ce, "Ke 'yar nan, kin kai mutane bangon duniya, ke ko Dala ba ki taɓa hawa ba." Wannan ta fi wasiƙar zafi. Daga nan Kura zuwa Kano tafiyar da ba ta kai awa guda ba ce in hanya da kyau, kuma na je ya fi a ƙirga. Amma ina nake zuwa? Kantin Kwari in rakiyar sayen atamfa, Sabon Gari wajen masu sayar mana da littattafai, sai dubiya a asibiti. Kullum da wani a gabana yana cewa yi sauri kar mu rasa mota. Cikin birni na ainihi, na cikin ganuwa, ta tagar mota kawai na san shi.

Ga shi kuma an sa ranar bikina, saura sati bakwai. Ba kuka nake yi da wanda zan aura ba, mutumin kirki ne, amma na san gidansu, matan gidan ba sa fita sai suna ko rasuwa ko awo. Na kwana ina juyi, zuciyata tana ce mini in ba ki je yanzu ba, to sai dai 'ya'yanki su ba ki labari.

Ban yi niyyar tafiya ni kaɗai ba. Ƙawata ce ta ce za ta raka ni, ana gobe ta aiko wai baƙi za su yi. Yayana kuwa lokacin tsinkar tumatir ne, ko abinci a gona ake kai masa. Kwana uku ina bin Baba, in durƙusa in tashi. A na ukun ya dube ni ya ce, "Yanzu ke dutse za ki je kallo?" Na ce, "Baba, aikina ne, ƙarya na rubuta aka kama ni." Ya yi shiru can, sannan ya kafa mini sharaɗi: in yi azahar a gidan Goggo a Yakasai don a san inda nake, kar in shiga motar da babu mace a ciki, kuma magariba ta yi mini a gida. Ƙannena ku ji da kyau, da izini na fita. Kar wata ta sulale ranar makaranta ta ce Anti ce ta koya mata, ba ruwana.

Da sassafe na fito, hazo ya rufe gonaki, sanyi yana ratsa mayafi. Ruwa na gudu a kanal, kwandunan tumatir jere a bakin titi ana jiran mota, mata sun fara baza shinkafar da suka turara. Mu da muka tashi a nan gani muke kamar haka Allah ya halicci ƙasarmu da ruwa rani da damina, alhali sai da aka gama dam ɗin Tiga a 1974, zamanin Gwamna Audu Bako, sannan aka jawo shi ya ratsa Bunkure da Kadawa da Kura. Na kalli kanal ɗin na yi murmushi ni kaɗai, na ce ashe mu ma garin ruwa gare mu, kwalekwalen ne kawai babu. Muka wuce Karfi, muka haye gadar Tamburawa, kafin rana ta yi zafi muna Unguwa Uku. Mai adaidaita sahu da ya ji na ce Dala, ya kalli jakata da littafin rubutuna, ya yanka mini kuɗin baƙi. Na biya, don ban san na gari ba.

Kai jama'a, hawan Dala ba wasa ba ne ga mai zani! Matakala ce aka yi da siminti, ina hawa ina hutawa, yara ƙanana suna wuce ni a guje suna dariya. Amma da na kai sama na juyo, sai na manta da ƙafafuna. Gari ne shimfiɗe ko ta ina har inda hazo ya yanke shi. Ga Goron Dutse can yana kallon ɗan uwansa, ga hasumiyoyin babban masallacin Juma'a, ga rufin kwano sabo da tsoho kamar an zubar da tasoshi. Hayaniyar garin tana tasowa sama a haɗe, ba ka bambance kukan mota da na akuya.

A nan fa aka fara Kano. A nan Barbushe yake hawa wajen gunkinsu Tsumburbura ya sauko ya faɗa wa mutanensa abin da zai faru, tun kafin Bagauda, wanda littafin tarihin Kano ya ce ya fara sarauta a shekarar 999. Duk mun haddace wannan don jarrabawa, amma ni a raina Dala wani dutse ne mai tsini kamar na fim. Ashe samansa a baje yake, jar ƙasa ce da marmara, har da wurin da za a yi wasan ƙwallo. Abin da ya ɓata mini rai shi ne shara, da ledoji, da gidajen da suka matso har gindinsa kamar za su hau shi. Na nemi ganuwar da aka ce Sarki Gijimasu ne ya fara ginawa wajen shekara 900 da suka wuce, sai guntu-guntu nake hangowa, wani wurin ruwa ya cinye, wani wurin mutane. Ƙofar Na'isa ma ta asali a 2010 aka rushe ta don faɗaɗa titi, wadda ake gani yanzu sabuwa ce.

Wasu samari uku da ke zaune a gefe suka fara, "'Yan mata, ke kaɗai? Ko mu zo mu taya ki?" Gabana ya faɗi, ba zan ɓoye muku ba. Na haɗe rai kamar ban taɓa dariya ba, na matsa kusa da wani malami da ya kawo ɗalibansa, na tsaya a bayansu kamar tare muke. Da suka ga haka suka ƙyale ni. Wannan ita ce wahalar tafiya ke kaɗai, idonki ɗaya yana kallo, ɗaya yana gadi. Daɗinta kuma, na yi kusan awa guda a saman nan babu wanda ya ce mini tashi mu tafi. Tun da aka haife ni ban taɓa samun awa guda irin wannan ba.

Da na sauko aka ce mini Kurmi ba nisa, sai na ce bari in taka. Nan na ɓata. Lungu ya kai ni lungu, wani in na miƙa hannuwana biyu sai in taɓa bango da bango, kwata tana bin tsakiya, ƙanshin turaren wuta yana fitowa daga wannan zaure, warin daddawa daga wancan. Sau biyu ina dawowa gaban wata tsohuwar ƙofa mai ƙusoshi. Ina cikin tsoro sai dariya ta kama ni, don na tuna Marsandina. Ashe ba sai Italiya ba, ko a nan birnin namu da a tsakar titi ango zai ajiye ta ya ɗauko amaryarsa a ƙafa. Wata baiwar Allah mai tuyar awara ta ga ina zagaye, ta ce, "Baƙuwa ce ko?" Ta haɗa ni da ɗanta ya kai ni har bakin kasuwa, na ba shi na alewa ya ƙi karɓa, ya ce Ummansa za ta yi faɗa.

Kasuwar Kurmi tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa take, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499. Rumfuna ne a matse, rana ba ta shiga sosai. Ga 'yan sirdi da linzami, ga dukawa da jakunkunan fata, ga kwalli da murjani da tsakiya, ga masu maganin gargajiya da abubuwan da ban so in san sunansu ba. Wani abu da ba a cika faɗa mana a makaranta ba, a kasuwar nan an sayar da mutane, mata da yara irinmu, har zuwa shigowar Turawa a 1903. Na tuna da wannan ina tsaye ana yi mini tallan awarwaro, sai jikina ya yi sanyi.

A layin masu rawani da riguna na tsaya gaban wani tsoho, ba don zan saya ba, sai don wani ƙyalle da ke ƙyalli a bayansa, baƙi ba baƙi ba, shuɗi ba shuɗi ba, kamar bayan ƙwaro in rana ta haska shi. Na gaishe shi, ya amsa, ya ce, "'Yata daga ina?" Na ce, "Daga Kura, Baba." Sai ya gyara zama ya ce, "Kura ta marina, ko Kura ta shinkafa?" Na ce ni dai ta shinkafa na sani. Ya girgiza kai, ya sauko da ƙyallen, ya warware shi a hankali daga cikin takarda, ya ce, "To gaishe da ɗan garinku. Wannan shi ne ɗan Kura."

'Yan uwa, na sha jin Iya tana cewa mahaifinta marini ne, amma ban taɓa tambayarta komai ba, don a ganina sana'ar baƙin hannu ce ta mutanen da. Tsohon nan ya zaunar da ni a kan buhu ya yi mini karatu. Ya nuna mini yadda aka saƙa shi ƙwarya-ƙwarya sirara kamar yatsa, aka ɗinke su ɗaya bayan ɗaya. Ya ce sai a tsoma shi a rijiyar baba a fitar, a shanya, a sake tsomawa, har sai ya ƙoshi. Daga nan a kai wa mabuga, su barbaɗa masa shuni su yi ta dukansa a kan gungume har ya ɗauki wannan ƙyalli. Ya ce Buzaye daga Agadas har can cikin hamada ba su da rawanin da ya fi shi daraja, da shi ango yake fita, kuma shunin da yake zuba a fuskarsu ba ƙazanta ba ne a wurinsu, ado ne. Sunan garinmu, wannan da nake jin kunyar sawa a littafi saboda ba shi da daɗin faɗa kamar Benis, ashe ya riga ni fita ƙasashen waje da shekaru aru-aru, a kan raƙumi.

Na tambayi kuɗinsa don in kai wa Iya. Da ya faɗa sai na yi dariyar yaƙe, ko na haɗa da ɗan kunnena ba zai kai ba. Ya ce ba komai, taɓa shi ma ya isa. Na shafa shi sau biyu, na duba hannuna, yatsuna huɗu sun koma shuɗi.

Shi ne da ya ji abin da ya kawo ni, har da labarin Marsandi, ya yi dariya ya ƙwala wa maƙwabcinsa kira, wani mai sayar da littattafan addini da gafaka. Ya ce, "Malam, nuna mata takardar nan mai wata." Malamin ya ɗauko wata tsohuwar warƙa rubutun hannu, ta yi ja don tsufa, ya ɗaga ta saitin hasken da ke shigowa ta ɓular rufi, ya ce in duba cikin takardar, ba rubutun ba. Sai ga jinjirin wata guda uku a jere, babba da mai bi masa da ƙarami, a cikin naman takardar. Ya ce irinta malaman da suka fi so, fatake ne suke kawo ta daga Tarabulus ta hamada, kuma Larabawan da ke wannan fatauci unguwarsu tana nan har yau, Dandalin Turawa, don a da su ake kira Turawa. Da na dawo gida na bi diddigi, kun san daga ina ake yin takardar? Daga arewacin Italiya, yankin Benis ɗin nan dai. Wani Bajamushe matafiyi, Heinrich Barth, wanda ya zo Kano a 1851 yana kiran kansa Abdulkarim, ya rubuta cewa ya ga takarda mai wata uku a kasuwar, ya kuma ce tufafin Kano suna kaiwa har Timbuktu da Tarabulus. Duwatsun ado na gilas ma da ake yi a Benis ta wannan hanya suke zuwa. Wato dai tun kafin a haifi kakan kakana garin da na yi wa ƙarya yake ciniki da garin da na raina.

Sauran yinin a guje na yi shi. Na isa gidan Goggo azahar ta ɗan gota, ta yi mini tatas, wai wace irin budurwa ce ana saura sati bakwai bikinta tana yawo a Kurmi kamar dillaliya, sannan ta cika mini kwano da dambu. Na leƙa Gidan Makama na ga tsofaffin ƙyauren ƙofofin gari da kayan yaƙi, ban yi rabin awa ba. Na tsaya a marinar Ƙofar Mata, wadda ake cewa tun 1498 take, na tarar rijiyoyi da yawa a bushe, 'yan kaɗan ne ake aiki a cikinsu. Na so in zauna, agogo ya hana.

Cunkoso ya riƙe mu a Na'ibawa, waya ta mutu, aka kira magariba muna gadar Tamburawa. Na saɓa sharaɗi. Da na sauka na hango Baba a tsaye a ƙofar gida da carbi, bai shiga masallaci da wuri ba saboda ni. Na durƙusa na ce, "Baba ka yi haƙuri." Bai ce mini komai ba, ya juya ya tafi. Da duka ya yi mini da ya fi sauƙi.

Na shiga ɗakin Iya jiki a sanyaye, na ce ban samo miki tsaraba ba, kuɗina bai kai ba. Na miƙa mata hannuna a gaban fitila. Ta kama yatsun ta duba, ta kai hancinta ta shinshina, ta daɗe a haka. Sai ta ce, "Haka hannun Baffa yake, har ya rasu bai fita ba." Ranar ba mu kwanta ba sai tsakar dare. Ta faɗa mini inda marinarsu take, wurin da yanzu injin casar shinkafa yake, kullum ina wucewa ta gabansa. Ta faɗa mini yadda Buzaye suke sauka a zaurensu da raƙuma su yi wata guda suna jiran kaya, har wani ya taɓa neman aurenta. Shekara ashirin da huɗu muna ɗaki ɗaya da matar nan, ban taɓa jin wannan ba, ni da nake cewa labari ya ƙare mini.

Saura mutumin nawa. Laifina a nan shi ne ban faɗa masa zan je ba, don na san abin da zai ce. Wani abokinsa ya gan ni a Kurmi ya kai masa. Dare biyu bai zo zance ba. A na uku ya zo fuska a ɗaure, ya ce, "Da kin faɗa mini ai da na kai ki a mashin, mu je mu dawo kafin azahar." Na ba shi haƙuri kan ɓoyewar, don ya cancanta. Amma na ce masa, "Da ka kai ni, za ka bar ni in zauna awa guda a kan buhu wajen tsoho mai rawani?" Ya yi shiru, can ya ce, "Gaskiya a'a." Na ce to ina roƙon alfarma tun yanzu, in mun yi aure, ko sau ɗaya a shekara ne, ina son irin wannan yinin. Ya ce zai yi tunani. Har yau da nake rubuta muku wannan yana tunanin, ku taya ni addu'a.

Baba kuwa sai ranar Juma'a ya sake mini fuska. Na samu ya huce na ba shi labarin takarda mai wata. Ya dube ni kamar bai yarda ba, ya tashi ya yi alwala, ya sauko da tsohuwar gafakar da ke rataye a ɗakinsa, wadda ke ɗauke da Alƙur'anin kakansa rubutun hannu, mu yara ko taɓa ta ba ma yi. Ya fito tsakar gida ya zaro warƙa ɗaya ya ɗaga ta ga rana, ba komai. Ya zaro ta biyu, ba komai. A ta uku sai na ji ya ce, "Ikon Allah! Ke, kira Iya ta zo ta gani."

Ke kuma ƙanwata mai wasiƙa, amsarki ita ce a'a, ban taɓa zuwa ba. Ki gaishe mini da malaminku. A bugu na gaba an cire Marsandi daga babi na tara, angon ma na fasa ba shi biza, a Kura za su tare.